Hana mai ciwon dajin hanta gyaɗa da wake: shin zai kashe ciwon da yunwa?

Wata ɗaliba mai koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje, 'yar wani ƙauye a ƙasar Gumel, ta aiko da tambaya. Wata biyu ke nan da likitoci a Kano suka tabbatar mahaifinta na da ciwon dajin hanta. Yayanta da ke ci-rani a Kudu ya turo musu wani bidiyo ta WhatsApp, inda ake cewa ciwon daji da wani sinadari mai suna arjinin yake rayuwa, kuma Turawa sun samo wani enzayim, wato sinadarin da ke sauya wani sinadari ya koma wani, a jikin ƙwayoyin cuta da ke cinye sinadarin har ciwon ya mutu da yunwa. Tun ranar aka ɗauke wa tsohon kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli da wake da nama, aka bar shi da koko da tuwo miyar kuka. Ita kuma ta tuna a makaranta suna yin wani gwaji mai suna ADH da ya shafi arjinin. Tana son ta san ko enzayim ɗin ɗaya ne, ko maganar maganin gaskiya ce, da kuma ko su ci gaba da hana shi abincin.

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa jinyar nan ta zama kaffara, ku kuma ya ba ku ladan ɗawainiya. Na daɗe a kan bencin gwajin ƙwayoyin cuta, ina kuma koyar da ɗalibai irinki, don haka kin kawo tambayar inda ta dace.

Zan fara da ta ƙarshen, domin ita ce ba ta jiran gobe. Ku mayar wa Baba da abincinsa yau. Hana shi kunun gyaɗa da wake da nama ba zai rage wa ciwon komai ba, Baba ne zai ragu. Mutumin da ciwon hanta ya riga ya fara cin naman jikinsa, in aka ƙara masa da yunwa, tashi ya yi alwala ma sai ya gagare shi. Yayanki da kyakkyawar niyya ya turo bidiyon, kuma akwai ƙwayar gaskiya a cikin maganar, amma an tumɓuke ta daga inda ta tsiro an dasa ta a kan fako. Bari in bi miki ita daga tushe, tunda kina da karatun da za ki fahimta ki kuma fahimtar da mutanen gida.

Arjinin ɗaya ne daga cikin amino asid 20 da jiki ke haɗa furotin da su. Wani Bajamushe mai suna Ernst Schulze ne ya fara ware shi a 1886 daga tsiron wani dangin wake na ƙasashen Turai. Abincinmu cike yake da shi. Giram 100 na gyaɗa na ɗauke da kusan giram 3, riɗin da ake lodi a kasuwar Maigatari ma bai yi nisa da haka ba, ga agushi, ga wake, ga kifi da nama. Da shi jiki ke gina tsoka, da shi rauni ke haɗewa. Ta kansa hanta ke bi ta mai da amoniya mai guba ta koma yuriya, wadda ke fita a fitsari, kuma ita ce dai yuriyar da ke cikin buhun takin da kuke kai wa gero. Jijiyoyin jini ma daga arjinin suke samar da wata iska mai suna naitirik oksaid, wadda ke sa su saki jini ya wuce, binciken da ya sa aka ba mutum uku kyautar Nobel a 1998.

Abin da mai bidiyon ya tsallake shi ne babban mutum ba da abinci kaɗai yake samun arjinin ba. Hanji na ƙera wani sinadari mai suna sitrulin ya zuba shi cikin jini, ƙoda ta karɓa ta juya shi ya koma arjinin ta hanyar enzayim biyu, na farkonsu ana ce masa ASS1. Riƙe wannan suna, za mu dawo kansa. Sitrulin ɗin kuwa daga kankana ya samo sunansa, don a cikinta aka fara gano shi. Ban da wannan, kullum jiki na warware tsohon furotin yana ɗinka sabo, kuma mafi yawan arjinin da ke yawo a jini daga wannan warwara yake fitowa. An taɓa ɗora mutane masu lafiya a kan abincin da babu arjinin ko ɗigo na kwanaki, aka auna jininsu: ya ragu, amma ko kusa da ƙarewa bai yi ba. In kika hana baki, jiki sai ya juya kan cinya da damtse ya ɗebo abin da yake so. Ciwon kuma yana zaune a hanta, inda jini ya fi wadata, shi zai fara sha kafin kowa.

To ina ƙwayoyin cuta suka shigo? Kowace ƙwayar arjinin na ɗauke da naitirojin huɗu, fiye da duk sauran amino asid ɗin, shi ya sa ƙananan halittu ke rububinsa. Hanyoyin da suke bi su fasa shi suna da dama, amma uku ne suka shafi tambayarki.

Akwai enzayim mai suna arjinas, wanda ke raba arjinin gida biyu, onitin da yuriya. Wannan mu ma muna da shi, a hanta wasu masana biyu, Kossel da Dakin, suka fara gano shi a 1904. Bacillus subtilis, ƙwayar da ke mai da kalwa daddawa, tana da nata. In kin taɓa buɗe kwandon kalwar da aka rufe da ganye ta kwana biyu, warin nan mai shiga hanci ya sa ido ruwa amoniya ce, daga fasa amino asid take fitowa, arjinin na ciki. Helicobacter pylori mai haddasa gyambon ciki ita ma tana da arjinas, amma ta mai da shi makami. Sojojin jini na buƙatar arjinin su ƙera naitirik oksaid su harbe ta da shi, sai ta riga su cinye shi, su tsaya da bindiga ba harsashi. Akwai kuma enzayim ɗin da ke cire wa arjinin iskar kabon ya bar agmatin, wanda E. coli ke fakewa da shi ta ratsa tsamin tumbi da ranta ta isa hanji.

Na ukun shi ne wanda bidiyon ke magana a kai, arjinin di'iminas, ana taƙaita shi ADI. Yana cire wa arjinin amoniya guda ya bar sitrulin. Ɗan Adam ba shi da wannan enzayim. A jikin ƙwayoyin da ke da shi ba shi kaɗai yake aiki ba, su uku ne a jere kamar masu surfe da tankaɗe da tuƙi: ADI ya ba da sitrulin, na biyu ya karɓa ya raba shi, na uku ya tatso ATP guda ɗaya, wato makamashin da ƙwayar ke aiki da shi. Daga kowace ƙwayar arjinin, bakteriyar na samun ATP ɗaya da amoniya biyu. Riba biyu ke nan, ta ci ko da babu iskar shaƙa, amoniyar kuma ta kashe mata tsamin da ke kewaye da ita. Pseudomonas aeruginosa, wadda ke sa mugunyar ƙuna ta yi kore, da haka take rayuwa a can ƙasan rauni. Wasu daga cikin ƙwayoyin da ke tsamar da nono da haka suke jure tsamin da su da kansu suka haifar. Giardia mai sa yara zawo tana sakin ADI a hanji. Har a baki akwai su: Streptococcus sanguinis da gordonii na fasa arjinin na miyau su rage tsamin da ke cin haƙori, alhali Streptococcus mutans mai ruɓar da haƙorin ba ta da wannan hanya. Shi ya sa za ki ga wasu man goge baki an rubuta suna ɗauke da arjinin kashi 1.5 cikin 100, ana ciyar da ƙwayoyin kirki ne don su rinjayi na banza.

Yanzu ga amsar tambayarki ta farko: i, ɗaya ne. Gwajin ADH da kuke yi, wannan jerin enzayim ukun kuke nema, kuma ADI ne a bakin ƙofa. Wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Moeller ne ya tsara gwajin a 1955. Ruwan noma ƙwayoyi ne da ɗan sukari kaɗan, da arjinin, da rini mai sauya launi. Kina shuka ƙwayar, ki rufe saman da man farafin. Da farko ƙwayar za ta ci sukarin ruwan ya yi tsami ya koma ruwan ɗorawa. In tana da hanyar, tsamin zai tashe ta, amoniya ta taru, launin ya koma shunayya. In ba ta da ita, a ɗorawa zai tsaya. A farantin API 20E kuwa, wato farantin gwajin nan mai ƙananan ramuka da ake tantance ƙwayoyin cuta da shi, ADH ne rami na biyu, kuma can ja ko ruwan lemo ne alamar i. Abu biyu nake ja wa ɗalibaina kunne a kai har su gaji da ji. Kada ki manta da man nan, domin in iska ta shiga, ƙwayar za ta ci furotin ɗin saman ruwan launi ya sauya, ki rubuta i alhali a'a ne. Kuma kada ki bar kwalbar shaida, wadda babu arjinin a ciki, domin da ita za ki gane sauyin daga arjinin ya zo. A kwalba kuma ADH ya fi irin wannan gwaji na amino asid laisin da na onitin jinkiri, akan duba shi har kwana huɗu kafin a yanke hukunci.

Kada ki raina wannan ɗan rami. A wata damina da amai da gudawa ya ɓarke, an kawo mana samfuri daga wani ƙauye, muka shuka a farantin TCBS da ake neman ƙwayar kwalara da shi, washegari ga tsiro masu ruwan ɗorawa sun fito ɓul-ɓul. Yaron da ke aiki tare da ni ya riga ya ɗauki biro zai rubuta kwalara. Na ce ya dakata mu ga farantin API. Da safe ramin ADH ya yi ja wur. Vibrio cholerae mai haddasa kwalara ba ta fasa arjinin, laisin da onitin take fasawa. Amma Vibrio fluvialis, wadda ita ma ɗorawa take fitowa a wannan faranti, da Aeromonas ta ruwan kududdufi, su suna fasawa. Ga mara lafiyan, ruwan gishiri da sukari ne dai abin da zai cece shi ko wacce ce. Ga hukuma kuwa, kalmar kwalara a takarda na nufin a tayar da ma'aikata, a rufe rijiya, a buɗe sansani. Wanda ya ga 2021, lokacin da aka lissafa sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a ƙasar nan, Jigawa da Kano da Bauchi na kan gaba, ya san nauyin rubuta ta daidai, ya kuma san nauyin kasa rubuta ta in ita ce. Da irin wannan gwajin ake gane Mycoplasma hominis a samfurin mata, ana kuma bambanta Enterobacter cloacae da danginta.

Ana kuma juya abin, a ciro enzayim ɗin daga ƙwayar a sa shi ya zama ma'auni. A haɗa arjinas da wani enzayim mai suna yuriyes a kwalba: na farko ya mai da arjinin yuriya, na biyu ya mai da yuriyar amoniya, sai a auna amoniyar a san yawan arjinin da aka fara da shi. Masana'antun abinci da abin sha na aiki da wannan, saboda a kayan da ake tsamarwa, kamar miyar waken suya ta mutanen Asiya, ragowar yuriya da sitrulin kan rikiɗe su zama etil kabamet, wanda ke cikin abubuwan da ake zargi da jawo ciwon daji. Masu bincike kuma na liƙa waɗannan enzayim a bakin 'yar na'ura mai jin amoniya, a tsoma ta a karanta lamba, kamar yadda na'urar gwajin sukari ke aiki da nata enzayim. ADI ya fi dacewa da wannan, domin mataki ɗaya yake ba da amoniyar.

Labarin maganin daga ɓarna ya faro. A shekarun 1960, masu renon ƙwayoyin halittar mutum a kwalabe sun yi ta ganin abin renonsu na mutuwa ba dalili. Da aka bincika, sai aka tarar Mycoplasma ce ta shiga, wata bakteriya ƙanƙanuwa mara ɓawo, mai ratsa matata. Ba guba take zubawa ba, arjinin na ruwan take cinyewa, in aka ƙara arjinin ƙwayoyin su farfaɗo. Daga baya aka lura wasu ƙwayoyin ciwon daji sun fi lafiyayyu saurin mutuwa in haka ta faru. A 1990 masu bincike a Japan suka tace ADI daga Mycoplasma arginini suka nuna ɗan mitsitsi daga cikinsa na tsayar da girman ƙwayoyin daji iri-iri a kwalba.

Dalili shi ne ASS1 ɗin nan da na ce ki riƙe. Ɗauki magidanta biyu a ƙauyenku. Ɗaya na noma, rumbunsa a cike. Ɗayan ya sayar da gonar ya zuba kuɗin a fatauci don ya yi saurin bunƙasa, kullum sai ya auno a kasuwa. Ranar da kasuwa ta ƙi ci, na farkon ko a jikinsa, na biyun gidansa ba a ɗora tukunya. Wasu nau'o'in ciwon daji haka suka yi, sun kashe ASS1 ɗinsu domin su karkatar da wani amino asid mai suna aspatet, wanda enzayim ɗin ke ci, zuwa ƙera kayan gado na sababbin ƙwayoyi, su yi ta ninkuwa. Sun zama 'yan awo, sai an kawo musu arjinin ta jini. Ana samun wannan a yawancin dajin fata mai suna melanoma, da dajin hanta da yawa, da dajin rigar huhu, da wasu na tsoka da na jini. Kyan ADI a nan shi ne sitrulin yake bari, wanda lafiyayyun ƙwayoyi ke ɗauka su mayar arjinin a cikin gidansu, mai ciwon kuwa ba shi da abin mayarwa. Kuma ADI na kama arjinin ko da ya yi ƙaranci ƙwarai, inda arjinas na mutum sai da yawa yake kama shi da kyau.

Dabarar ba sabuwa ba ce, tana da yaya. Enzayim ɗin asfarajinas, wanda ake cirowa daga E. coli, da irin wannan hanya yake hana ƙwayoyin sankarar jinin yara wani amino asid mai suna asfarajin, an amince da shi a Amurka tun 1978, kuma har yau yana cikin ginshiƙan magungunan da suka sa yawancin yaran da ke samun cikakken magani ke warkewa. Ganin haka aka sa rai da ADI. Matsalarsa ta farko, baƙo ne a jiki, cikin sa'o'i kaɗan ake share shi. Sai aka yi masa riga da wani sinadari mai suna PEG, ya zama yana kwanaki a jini, aka sa masa suna ADI-PEG 20. Allura ce ta tsoka, mako-mako, kuma tana sauke arjinin na jini har na'ura ta kasa ganinsa. Ki lura da wannan tazara. Allurar na cinye duk abin da ya shigo jini, na abinci da na ƙoda da na tsoka, dare da rana. Ɗauke kwanon wake ba ya ko kama ƙafar haka.

Duk da wannan ƙarfi, ga abin da ya faru da aka gwada ta a kan ciwo irin na Baba. An ɗauki mutum 635 masu dajin hanta da ya yi nisa, wasu aka ba su allurar, wasu aka ba su ta bogi, aka buga sakamakon a 2018. Matsakaicin tsawon rayuwar masu allurar wata 7.8 ne, na sauran wata 7.4. A lissafin masu bincike wannan ba bambanci ba ne, gwajin bai yi nasara ba. Garkuwar jiki kan gane enzayim ɗin duk da rigarsa, bayan makonni ta fara kashe shi, arjinin ya dawo. Ciwon kuma in ya ji wuya yakan sake kunna ASS1 ɗinsa, ɗan awo ya koma gona. Inda aka ga haske shi ne dajin rigar huhu, wanda ƙurar asbesto ke jawowa. Gwajin da Farfesa Peter Szlosarek na Landan ya jagoranta a kan mutum 249, aka buga a 2024, ya haɗa allurar da magungunan daji na yau da kullum: masu allurar sun rayu wata 9.3 a matsakaici, sauran wata 7.7, kuma waɗanda suka kai shekara uku sun ninka kusan sau huɗu, duk da cewa tsiraru ne a ɓangarorin biyu. Ci gaba ne na gaske ga ciwon da ya daɗe ba shi da wata makama, ina kuma girmama aikin. Amma wani ciwon ne daban, tare da wasu magunguna, kuma ba abin da za ki samu a kemis ba ne. Duk wanda ya ce zai sayar muku da shi ko da wani gari mai aikinsa, ku riƙe kuɗinku. Enzayim mai cin arjinin da hukumar Tarayyar Turai ta amince da shi a ƙarshen 2023 arjinas ne na mutum da aka gyara, kuma don wata cutar gado ce da ba a cika samu ba, wadda arjinin ke taruwa a jinin yaro ya sandarar masa da ƙafafu.

Akwai abin da ya fi damuna a maganar rage arjinin da ka. Ƙwayoyin garkuwa da ake kira T, waɗanda su ne ke farautar ƙwayoyin daji, in arjinin ya yi ƙasa sai su yi lakwas, kuma an san ciwon daji da kansa kan tara wasu ƙwayoyi masu sakin arjinas a kewayensa don ya kwantar da su. Mu nan ma ƙarancin arjinin da cuta muka san shi. An auna jinin yaran da zazzaɓin cizon sauro ya kai ga suma a Tanzaniya, aka buga a 2003, aka tarar nasu ya faɗi warwas. Ƙwayar zazzaɓin na da nata arjinas, jajayen ƙwayoyin jinin da ke fashewa ma suna zubo nasu, jijiyoyi su rasa abin da zai sa su saki. Haka yake ga masu amosanin jini, har aka yi gwaji a Abuja, aka buga a 2021, inda yaran da aka ƙara wa arjinin lokacin tashin ciwon suka fi saurin samun sauƙi. Ban faɗi wannan don ku je ku sayo wa Baba ƙwayoyin arjinin ba, kada ku yi. Abincinsa ya ishe shi.

A da likitoci kan hana mai ciwon hanta furotin don gudun amoniya ta hau masa kai. An bar wannan, domin an gano tsoka ita ma tana taya hanta kwashe amoniya, in ta zube abin ƙara lalacewa yake yi. Abin da ƙungiyoyin likitocin hanta ke cewa yanzu shi ne giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. In Baba na da kilo 55, wajen giram 66 zuwa 82 ke nan. Ƙwai ɗaya na da kamar giram 6, kofin nono kamar 8, giram 100 na gyaɗa kamar 25. Ba zai iya cin da yawa a zama ɗaya ba, musamman in cikin ya ɗauki ruwa, don haka kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, kuma kada ya kwana da ciki wayam, a ba shi wani abu bayan isha'i. Furotin na wake da gyaɗa da nono ya fi na jan nama sauƙi ga irinsu. In akwai kumburin ciki ko ƙafa, abin da za a rage shi ne gishiri da dunƙulen miya da kanwa, don kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuka ita ma gishirin ce a wajen jiki. A nisanta shi da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, hantar ba ta da sauran ƙarfin tace su. In kuka ga ya fara barcin rana da farkawar dare, ko yana rikita sunayen 'ya'yansa, ko hannunsa na kaɗawa in ya miƙa shi, ku kai shi asibiti a ranar, akwai maganin da ke fitar da amoniyar ta bayan gida. Ranar komawa asibiti ki faɗa wa likitansa tsawon lokacin da aka yi ana hana shi abinci, ki nemi a auna nauyinsa, ki kuma yi maganar maganin raɗaɗi ba tare da jin nauyi ba.

Gyaɗa na da laifinta a dajin hanta, amma ba ta wajen arjinin ba. Fumfunar Aspergillus flavus, wadda ke kama gyaɗa da masara in fari ya taɓa su a gona ko aka adana su da danshi, tana zuba gubar aflatoksin. An fara gano ta ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 da cin tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Brazil. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. In ta haɗu da ciwon hanta nau'in B a jiki ɗaya, haɗarin daji na ninkuwa sau da yawa, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da wannan ƙwayar, akasarinsu ba su sani ba. Waɗannan biyun ne ke kai mana mazaje asibiti da kumburin ciki suna da shekara arba'in.

Saboda haka ki tambayi likita ko an yi wa Baba gwajin nau'in B. In yana da shi, iyayenku mata da ke da duk 'yan'uwanki, har yayan naki na Kudu, kowa ya je a gwada shi. Ɗigon jini ne, kin ma iya yin gwajin da hannunki. Wanda ba shi da ita a yi masa riga-kafi allura uku, wanda ke da ita a bi shi, akwai ƙwayar tenofobir da ke danne cutar ga waɗanda suka cancanta. Riga-kafin na cikin alluran yara a ƙasar nan tun 2004, amma ta farkon sai an yi ta cikin sa'o'i 24 da haihuwa take aikinta sosai, kuma a ƙauyukanmu da ake haihuwa a gida a jira suna, ita ce ke wuce mu. Duk matar da ke da ciki a gidanku, ki zama ke ce mai kai jaririn.

Gyaɗar kunun Baba kuma ki zauna da faifai ki tsince ta da kanki. Duk wadda ta yamushe, ko ta sauya launi, ko ta fashe, ko ƙwaro ya huda, ki fitar. Wadda kika fitar kada a kai wa masu ƙuli-ƙuli, kada kuma a zuba wa saniyar tatsa, don gubar na biyo nono. A haƙa rami a binne ta. Ta bana in an cire, a shanya ta a kan tabarma ko leda har sai ta yi ƙaras a haƙori, a ɗora buhunan a kan katako nesa da bango. Ki dama masa kunun da ɗan kauri, da tsamiya yadda ya saba sha, ki ba shi da ɗumi bayan isha'i ko da ludayi biyar zai iya. Ki gaishe shi, ki ce muna yi masa addu'a.